Gada ɗaya ga jirgin ƙasa da mota: tsimi ne ko sayen wahala?

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni, musamman ga injiniyoyin zauren nan da waɗanda suka yi aikin reluwe. Gadar da ta haɗa Denmak da Suwidin, wadda aka buɗe a 2000, hawa biyu ce: motoci a sama layi huɗu, jiragen ƙasa a ƙasa layi biyu, tsawonta ya kusa kilomita 8. Ginshiƙai ɗaya ne ke ɗauke da kowa. To idan haka mai yiwuwa ne, me ya sa a wurare da yawa za ka ga gadar mota a nan, gadar jirgi can gefe, ruwa ɗaya amma kuɗi biyu? Ni a ganina duk gwamnatin da za ta gina babbar gada a kan babban kogi, kamata ya yi doka ta tilasta mata ta haɗa da layin dogo. Ko akwai abin da ban hango ba?

Mai Tirela:
Wa alaikumus salam. Akwai kuwa, Malam. Kai hoto ka gani, mu kuwa mun hau. Irin gadar nan da dogo ke shimfiɗe a tsakiyar titi, ba na yi wa ko maƙiyina fatanta. Ruwan sama na taɓa ƙarfen dogon sai santsi. Ga ɗan rami a gefensa inda bakin ƙafar jirgi ke bi, tayar mai babur in ta faɗa ciki ba ta fita sai ta kai shi ƙasa. Kai mai babbar mota kana ji sitiyari na fizgar hannunka, ba dama ka taka burki da ƙarfi, ba dama ka kauce, ƙarfe ta dama ƙarfe ta hagu, ruwa a ƙasa. Sannan ga jira. Mai tuta ya sauke shinge, kowa ya kashe mota, jirgin kaya ya zo yana jan ciki da taragu ba iyaka. Kafin a ɗaga shingen layin motoci ya kai inda ido ba ya gani ta ɓangare biyu, kuma kowa na so shi ya fara hawa.

Ummu Yasir:
Ku dakata, ba gada ɗaya kuke magana a kai ba. Abu Hafsat na maganar wadda jirgi da mota suka yi tarayya a ginshiƙai kawai, kowa da daɓensa, ba sa ma ganin juna. Mai Tirela kuwa yana maganar wadda suka yi tarayya a daɓe ɗaya, inda sai ɗaya ya tsaya ɗaya ya wuce. Akwai kuma ta tsakiya, daɓe ɗaya mai faɗi, dogo na da yankinsa an katange, motoci na bin gefe, kamar babbar gadar Sidni ta Ostareliya ta 1932. Idan ba mu raba su ba, za mu kwana muna musu kowa na da gaskiya.

Abin da Mai Tirela ya kwatanta har yanzu ana yi. Gadar da ta haɗa Tailan da Laos a kan kogin Mekong, da aka buɗe a 1994, dogo ne a tsakiyarta, kuma tun da jirgi ya fara bi a 2009 sai an tsayar da motoci kafin ya haye. A Niyu Zilan akwai gadar Taramakau, layi ɗaya tak, mota daga nan, mota daga can, da jirgi, duk wuri ɗaya suke bi, sai a 2018 aka gina wa motoci tasu.

Baba Mai Fansho:
Allah ya yi miki albarka, Injiniya. Bari in ƙara wa yaran nan wani abu, don su yanzu suna ganin kamar jirgi ne ya zo ya tare wa mota hanya. Jirgi ne mai gida, mota baƙuwa ce. Lokacin da aka gina yawancin tsofaffin gadojin nan, kamfanonin reluwe ne kaɗai ke da kuɗi da dalilin ƙetare manyan koguna da ƙarfe. Motocin da ke hanya ba su taka kara sun karya ba. Sai a ce to, tunda ga gada, a shimfiɗa katako ko kwalta a bar 'yan motocin su riƙa bi in babu jirgi. Da babu gara ba daɗi.

Ku duba gadar Biktoriya a kan Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. A 1905 aka gama ta, cikin burin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, na jan dogo daga Kef ta Afirka ta Kudu har Alƙahira, shi kuma bai ma gan ta ba, ya mutu a 1902. Layin dogo biyu aka fara sa mata. Sai a 1929 aka cire ɗaya aka gyara daɓen don motoci su samu wuri. Gadar Shuɗin Nilu ta Khartum, 1909, ita ma jirgi da mota. Tsohuwar gadar Makurɗi a kan Binuwai, 1932, haka. Duk tsarin zamani ɗaya ne. Ba wanda ya zauna ya yi lissafin tirela mai ɗauke da tan 40 a lokacin, don babu ita.

Mai Tirela:
Baba, ranka ya daɗe, mun yarda baƙi ne mu. Amma baƙon ya hayayyafa ya fi mai gida yawa, sai a gina masa nasa ɗakin.

Baba Mai Fansho:
Ai haka aka yi a yawancin wuraren, ɗana. Makurɗin ma an gina wa motoci sabuwa daga baya. Ban ce a ci gaba da cusa ku daɓe ɗaya da jirgi ba. Mu ma ba daɗinsa muke ji ba. Direban jirgi in ya doshi irin wannan gada hankalinsa ba ya kwanciya, domin jirgin kaya mai nauyi in yana gudu yakan ci kusan kilomita kafin ya tsaya bayan an ja burki. Ya hango mota ta mutu a tsakiyar gada, me zai yi? Sai ƙaho da addu'a. Shi ya sa ake tilasta masa ya rage gudu tun daga nesa, wani wurin ma tafiyar ƙafa ta fi shi sauri.

Abu Hafsat:
To mun fitar da mai daɓe ɗaya, kowa ya yarda ta zamanin da ce. Maganata na nan a kan mai hawa biyu. China ta gina ta Wuhan a 1957 da ta Nanjing a 1968 a kan kogin Yangtze, duk hawa biyu. Kafin ta Nanjing, taragu ake lodawa a jirgin ruwa a yi fitonsu zuwa ɗaya gaɓar. Indiya ta buɗe Bogibeel a 2018, kusan kilomita 5 a kan kogin Brahmaputra. Bangaladash ta buɗe Padma a 2022, kilomita 6.15. Duk waɗannan ba su san abin da suke yi ba ne?

Ɗalibi:
Afuwan, ɗan tsokaci kafin a ba shi amsa. Na lura duk waɗanda ya lissafa jirgi ne a ƙasa mota a sama. Don jirgi ya fi nauyi ne aka sa shi ƙasa?

Ummu Yasir:
Nauyi na ciki, ƙanena, amma babban dalilin hawa ne. Jirgi ba ya son tudu. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da kamu irin na tayar roba a kan kwalta. Layin da jiragen kaya ke bi, ana so hawansa ya tsaya wajen mita 1 a cikin kowace mita 100, in ya kai 2 an fara kuka. Mota kuwa tana hawa mita 5 ko 6 a cikin 100 ba tare da direba ya damu ba. Saboda haka duk mita ɗaya da ka ƙara wa jirgi a sama, ka ƙara wa kanka mita ɗari na hanyar hawa a wannan gaɓar, da wata ɗari a waccan. Shi ya sa ake ba shi hawan ƙasa.

Kuma nan ne lissafin Abu Hafsat ke fara tangarɗa. Akwai gadar Huey P. Long a kan Misisipi kusa da New Orleans a Amurka, ta 1935. Dole aka ɗaga ta sama sosai don manyan jiragen ruwa su wuce ta ƙarƙashi, ƙasar wurin kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Sashen motoci bai kai kilomita 2 da rabi ba. Sashen jirgi kuwa kilomita 7 ne, yawancinsa a kan busasshiyar ƙasa yake tafiya a sama a kan ƙafafun ƙarfe, yana hawa a hankali. Kogin ɗaya ne, amma jirgi ya ci kusan ninki uku. Idan ka ce a ƙara dogo a gada, ba abin da ke kan ruwa kaɗai ka saya ba.

Baba Mai Fansho:
Amma ba doka ba ce jirgi ya zauna ƙasa. Ta Newcastle a Ingila, wadda Robert Stephenson ya tsara aka buɗe a 1849, jirgi ne a sama, keken doki a ƙasa. Can gaɓar kogin ce ke da tudu, layin dogon tun asali a sama yake tafe. Wurin ne ke yanke hukunci.

Akanta:
Ni bari in shigar wa Abu Hafsat, don na ga an taru a kansa. A babban kogi, kuɗin ba a daɓe yake ba, a ƙarƙashin ruwa yake, inda ba wanda zai ɗauki hotonsa. Kogi irin Padma ƙasansa yashi ne da laka, ruwa na kwashe shi duk damina, har sai da aka kafa wasu turakun gadar zuwa zurfin da ya haura mita 120. Ga aikin ɗaure gaɓar kogin don kada ya canza hanya ya bar gadar a tsaye a kan tudu. Wannan aikin in ka yi shi sau ɗaya ka ɗora hawa biyu, ai ka tsira da dukiya mai yawa. Ka yi shi sau biyu kuwa, ɓarna ce. Ƙara ƙarfin ginshiƙi ya ɗauki jirgi bai kai kuɗin sake kafa wani sabo fil ba. Don haka inda ruwa ke da faɗi da zurfi, haɗawar ita ce hankali. A ƙaramin kogi ne ba ta da riba.

Ummu Yasir:
Wannan gaskiya ne, Yallaɓai, ban musa ba. Sharaɗina ɗaya: a tsara gadar don jirgi tun daga takarda, ba a laƙa masa wuri a gefe ba. Ƙasar da ka kawo misali da ita, wato Bangaladash, ta ɗanɗana duka biyun. Gadar Jamuna da aka buɗe a 1998, kilomita 4.8, dogo ɗaya aka shimfiɗa mata a gefen daɓe. Ba a daɗe ba tsagewa ta fara bayyana a kankaren, aka ƙayyade wa jiragen gudu zuwa wajen kilomita 20 a awa, aka taƙaita nauyin kaya. Layi ɗaya, jirgi na rarrafe kusan kilomita 5, na bayansa na jira. Ƙarshenta sai da suka gina wa jirgi gadarsa daban a kusa da ita, mai layi biyu, aka buɗe a 2025. Kuɗin da aka gudu a farko an dawo an biya shi.

Mutane na ɗauka nauyi nauyi ne, ko na mota ko na jirgi. Ba haka gada ke ji ba. Motoci ɗari a kan gada a warwatse suke, wannan na shiga wancan na fita. Jirgi kuwa nauyinsa a dunƙule yake zuwa, a kan siririn layi, lokaci ɗaya. A Turai kowane jerin ƙafa biyu na tarago na iya sauke tan 22 da rabi, a Amurka ya haura tan 30, alhali na babbar mota bai cika wuce 10 zuwa 11 da rabi ba. Kuma ƙafafun a jere suke da tazara iri ɗaya, suna dukan wuri ɗaya, bugu bayan bugu. Ƙarfe na gajiya. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta ka miƙe, ka sake, ka sake, ba ka ja ta da ƙarfi ba amma za ta tsinke. Haka mahaɗan gada ke yi a cikin shekaru, sai dai a hankali, daga 'yar tsagar da ido ba ya gani.

Sai kuma inda ka ajiye dogon. Gadar Manhattan a Niyok, ta 1909, ratayayya ce da igiyoyin ƙarfe, aka sa layukan jirgi huɗu a gefe da gefe, biyu nan biyu can, maimakon tsakiya. Duk jirgin da ya hau sai gefensa ya nutsa, daɓen ya murɗe, ya wuce ya dawo. Kuma shekaru da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya samun jirage. Gyaran da wannan ya jawo ya sa daga 1986 har 2004 kusan kullum layukan gefe ɗaya a rufe suke.

Ɗalibi:
To Anti, ke nan gadar igiya ba ta dace da jirgi ba sam?

Ummu Yasir:
Ta fi wuya dai. Gadar igiya halinta ne ta yi laushi, ta ɗan ba da kai ga iska da nauyi. Mota ba ruwanta. Dogo kuwa yana son wuri mai tauri, in daɓe ya lotsa a gaban jirgi to kullum tudu yake hawa, kuma a bakin gada inda mai motsi ya haɗu da mara motsi ana samun ɗan kusurwa da ƙafar jirgi ba ta so. Injiniya Roebling ya yi ta tun 1855 a kan kogin Niyagara tsakanin Amurka da Kanada, jirgi a sama keken doki a ƙasa, amma gudun da aka yarda wa jirgi mil 5 ne a awa. Yanzu an iya. Japan ta yi jerin gadojin Seto a 1988, Hong Kong ta yi Tsing Ma a 1997 mai tazarar mita 1,377 tsakanin hasumiya da hasumiya. Sai dai ana biya da ƙarin ƙarfe mai yawa don a taurara daɓen.

Ga zafi kuma. Ƙarfe mai tsawon kilomita 1, in zafi ya ƙaru da digiri 30, yana miƙewa kusan santimita 36. A titin mota sai a sa mahaɗi mai haƙora, ka ji ƙarar taya ka wuce. A dogo ba za ka bar giɓi ba, sai an ƙera wani mahaɗi na musamman da ƙarafan ke zamewa gefen juna suna tsawo suna gajarta ba tare da layin ya yanke ba. Kayan tsada ne, kuma kullum sai an duba.

Mai Tirela:
Hong Kong ɗin nan na ji an ce har mota na bi ta hawan ƙasa. Ko ƙarya ne?

Ummu Yasir:
Gaskiya ne. Hawan ƙasan a rufe yake, dogo biyu a tsakiya, da layin mota ɗaya kowane gefe. In guguwa ta yi ƙarfi aka rufe sama, sai a karkatar da motoci ta ciki. Hanyar filin jirgin sama ce, ba sa so ta yanke.

Akanta:
To ni abin da ya fi damuna ba ƙarfe ba ne, mutane ne. Gada mai hawa biyu iyayen gida biyu gare ta. Hukumar hanyoyi na da kasafinta, ta jiragen ƙasa na da nata, kuma tsatsa ba ta san wannan ba. Wa zai yi fenti? Ginshiƙin da ke cikin ruwa na wa ne? In gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya tsiyaya ya ci ƙarfen da ke ɗauke da dogo, wa zai biya? Masu jirgi su ce motoci ne suka ɓata, masu titi su ce girgizar jirgi ce.

Ku karanta labarin gadar Quebec a Kanada. An gama ta a 1917 bayan ta rushe sau biyu ana cikin gini, 1907 da 1916. Jirgi da mota take ɗauka. Gwamnati ta miƙa ta ga kamfanin jiragen ƙasa na CN a 1993, aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 1995. Aka fara fenti, kuɗi ya zarce lissafi, aikin ya tsaya a 2005, aka tafi kotu. Gada na tsatsa a idon kowa, ana jayayyar wa ke da alhaki, sai a 2024 gwamnatin tarayya ta karɓe ta. Wannan fa ƙasa ce mai arziki da kotuna masu aiki.

Abu Hafsat:
Yallaɓai, ɗazu kana bayana, yanzu ka koma can?

Akanta:
Ina nan inda nake. A wajen gini akwai riba, a wajen riƙo akwai rigima, duka biyun gaskiya ne. Ta Denmak da Suwidin da ka fara kawowa, abin da ya sa take tafiya lafiya shi ne kamfani ɗaya ne ke riƙe da ita, ƙasashen biyu kowa da rabi, yana karɓar kuɗin fito daga motoci da kuɗi daga ɓangaren jirgi, daga nan ake biyan bashin gini da gyara. Mai ita sananne ne. Ka kwafi hawa biyun ka bar wannan tsarin, ka kwafi rabin abu.

Baba Mai Fansho:
Kuma ko a can ba a rasa ƙananan ciwon kai ba. Wutar da jiragen Denmak ke sha daban da ta Suwidin, ɗaya bolt 25,000 ɗaya 15,000, sai da aka yi jiragen da ke iya shan kowacce. Jiragen Suwidin hagu suke bi, na Denmak dama, sai an musanya a wajen garin Malmo na Suwidin. Gada in ta haɗa ƙasa biyu, ƙa'idojin reluwe biyu ta haɗa, mota kuwa ba ruwanta, ta hau ta sauka.

Mai Tirela:
Sai dai ta Tailan da Laos, Baba. Can mu ma sai mun canza hannu, waɗannan hagu waɗancan dama.

Hajiya Babba:
Ina bin ku tun ɗazu ban ce komai ba. Ni tambayata ta tsoro ce. In tankar mai ta kama wuta a sama, jirgi cike da mutane na ƙasa fa? Ko jirgi ya goce daga dogo ya daki ƙarfen da ke riƙe da titin sama? Gada biyu daban, in ɗaya ta samu matsala ɗayar na nan. Guda ɗaya kuwa in ta tafi, yanki guda ya yanke gaba ɗaya, ba abinci ba magani.

Ummu Yasir:
Tambaya ce mai nauyi, Hajiya. Gocewar jirgi an yi mata tanadi: in kin lura a kan gada akwai wasu ƙarafan dogo na biyu a cikin na ainihi, aikinsu su riƙe ƙafar jirgin da ta sauka kada ya karkace gefe. Wuta ta fi wuyar sha'ani, domin ƙarfe ba sai ya narke ba, da ya kai digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Shi ya sa a wasu gadojin ake sa wa masu ɗaukar mai da sinadarai ƙa'ida ta daban.

Gadar Britannia a Wales darasi ce mai fuska biyu. Ta jirgi ce zalla tun 1850. A 1970 wasu yara suka shiga cikinta da wuta a hannu, ta kama, ta lalace, tsibirin Anglesey da tashar ruwan Holyhead suka rasa jirgi har 1972. Abin da ya cece su akwai tsohuwar gadar mota daban a kusa. Amma da aka zo sake ginawa a kan tsofaffin ginshiƙan, me aka yi? Aka ɗora mata titin mota a sama, aka buɗe a 1980. Ginshiƙan na nan da ƙarfinsu, ba wanda zai bar su. Sai dai tsohuwar gadar motar ma ba a rushe ta ba, kin ga ke nan hanya biyu ce har yanzu.

Hajiya Babba:
To wannan na yarda da shi. A haɗa, amma kada ta zama ita kaɗai.

Abu Hafsat:
Bari in sassauta dokar tawa. Ko ba a shimfiɗa dogon yanzu ba, a bar masa wuri, a yi ginshiƙan da ƙarfin ɗaukarsa. Fotugal ta yi haka a gadar Lisbon: motoci a 1966, jirgi ya zo a 1999 ya tarar da hawan ƙasa na jiransa. Kazungula tsakanin Botswana da Zambiya, mita 923, da aka buɗe a 2021, an sa mata dogo a tsakiya tun kafin layi ya iso. Wannan ai hangen nesa ne.

Akanta:
Ko caca. Shekara 33 Lisbon ta jira, kuma da jirgin ya zo sai da aka ƙara wa gadar wasu manyan igiyoyi na biyu aka ƙarfafa ta, ba hawa kawai ya yi ba. Gada ta uku a kan mashigin Bosforus a Istanbul, ta 2016, an yi ta da faɗin layin mota takwas da na jirgi biyu, aka buɗe, shekaru suka yi ta wucewa ba jirgi, don layin da zai kawo shi ba a gina ba. Kuɗin wannan faɗin da wannan ƙarfin an riga an biya, in bashi ne ruwa na hawa kansa. Wani wurin ma akasin haka aka yi: gadar San Francisco zuwa Oakland jirage na bin hawan ƙasanta daga 1939, a 1958 aka tumɓuke dogon aka ba motoci. Ba wanda ya san abin da shekara 30 za ta kawo.

Baba Mai Fansho:
Ni dai a nan ina tare da Abu Hafsat. Na ga yadda ake shan wuya in an zo neman hanyar dogo bayan gari ya riga ya cika bakin gada, gidaje ta ko'ina, diyya ta fi kuɗin ƙarfen. Wurin da ya fi dacewa a ƙetare kogi sau da yawa ɗaya ne, inda ya tsuke kuma ƙasansa dutse. Kazungula ma sai da aka lanƙwasa gadar don ta bi ta ɗan tsukin da Botswana da Zambiya suka taɓa juna, kada ta shiga Zimbabuwe ko Namibiya. Irin wannan wurin in mota ta cinye shi ita kaɗai, ina jirgi zai bi in ya zo?

Ummu Yasir:
Na yarda da ku a irin Kazungula, Baba. Amma barin wuri a kan gada kaɗai bai isa ba, sai an killace filin hawa da sauka ta gaɓa biyun, kilomitoci, a hana gini a kai. In ba haka ba za a wayi gari ga dogo a kan ruwa, gabansa unguwa bayansa unguwa. Sannan a rubuta tun yanzu wane irin jirgi ake jira: faɗin dogonsa, nauyinsa, ko zai ɗauki kwantena hawa biyu, ko za a ja masa wayar lantarki a sama. Hawan ƙasa rufinsa titin mota ne, ba a ɗaga shi daga baya. In ka bar tsayin da bai isa ba, ka bar wurin da jirgin gobe ba zai shiga ba.

Mai Tirela:
Ni dai duk yadda za ku yi, ku yi, in dai ba za a sake sauke min shinge ba. Amma Injiniya, Kazungulan nan da dogo ke tsakiya, in jirgin ya fara zuwa, tsayar da mu za a yi ko kowa da hanyarsa?

Ummu Yasir:
Dogon na tsakanin layukan mota biyu ne, a daɓe ɗaya. Yadda za a tafiyar da shi ya danganta da yawan jiragen da za su riƙa bi da kuma ƙa'idar da ƙasashen biyu za su shimfiɗa. Jirgi biyu a rana wani abu ne, ashirin wani abu ne daban.

Mai Tirela:
To Allah ya sa su tambayi direbobi kafin su rubuta ƙa'idar.